Aikin Mataimakin Mai Bincike a Fannin Auna Kuɗin Shiga da Talauci: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban tattalin arziki da na ƙididdiga suka fi yi idan sun kusa kammala digiri ko suna bautar ƙasa, suka ga an tallata gurbin mataimakin mai bincike a wani aiki da ya shafi talauci. An tara su wuri guda domin mai sha'awa ya san abin da zai tarar kafin ya aika takardunsa.

Me zan riƙa yi daga safe zuwa yamma?

Mafi yawan lokacinka a gaban kwamfuta zai ƙare, kana gyaran bayanai. Masu tambayoyi sun shiga dubban gidaje, sun tambayi abin da aka ci, abin da aka saya da abin da aka noma, sun shigar a kwamfutar hannu. Abin da zai iso gare ka ba a tsabtace yake ba. Za ka ga gidan da aka rubuta ya cinye buhu 4 na gero a mako guda, alhali mudu 4 ake nufi. Za ka ga yaro ɗan shekara 6 an sa masa mata biyu, ko farashin man ja da sifili ɗaya ya ƙaru a ƙarshensa. Kai ne za ka zaƙulo irin waɗannan, ka tantance wanne ne kuskuren yatsa, wanne ne gaskiya mai ban mamaki, don akwai gidan da ya yi biki a makon kuma da gaske ya dafa abinci mai yawa.

Bayan nan sai haɗa fayil da fayil, lissafa jimillar abin da kowane gida ya ci kuma ya kashe, fitar da jadawali, da rubuta bayanin duk matakin da ka bi. Wasu ayyukan suna haɗawa da fita: horas da masu tambaya, gwada takardar tambayoyi a ƙauye ɗaya ko biyu, da komawa wasu gidaje a sake tambaya domin a tabbatar an je musu da gaske.

Me ya sa ba za a tambayi mutum nawa yake samu kawai ba?

Ma'aikacin gwamnati zai iya amsa wannan cikin daƙiƙa, domin albashinsa yana shiga asusunsa ƙarshen wata. To amma ka ɗauki manomi a Jigawa. Da kaka ya zuba dammunan gero da dawa a rumbu, ya sayar da riɗi. Da rani ya tafi ci-rani Kano ko Legas. Matarsa tana soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, 'yarta tana kai talla, kuɗin kuma yana shiga adashe wanda maigidan bai san yawansa ba. Ƙaninsa yana turo ɗan abu lokaci-lokaci. Idan ka tambaye shi nawa yake samu a wata, ba ɓoye maka yake yi ba in ya yi shiru. Tambayar ce ba ta dace da rayuwarsa ba. Ga kuma wanda zai rage don tsoron haraji, da wanda zai rage don yana tsammanin tallafi ne ke tafe, da wanda zai ƙara don kada a raina shi.

Shi ya sa Najeriya, Nijar, Indiya da yawancin ƙasashen da noma da sana'ar hannu suka fi yawa suke auna abin da gida ya ci kuma ya kashe. Samu yana hawa yana sauka da yanayin shekara, amma tukunya dole a ɗora ta kullum, kuma uwargida ta fi iya tuna mudun da ta auna jiya fiye da yadda kowa zai tuna kuɗin da ya shigo wata uku baya.

A Amurka da ƙasashen Turai kuɗin shiga ake aunawa, tunda yawancin mutane albashi suke karɓa kuma akwai takardun haraji. Ko a can ma ba a tsira ba. Bincike ya nuna mutane da yawa ba sa faɗin duk tallafin abinci da na kuɗi da suke karɓa daga gwamnati, don haka wasu masana suke haɗa amsoshin da aka bayar da bayanan hukumomi su ga inda aka samu giɓi. Mataimaka da yawa a jami'o'in can wannan shi ne aikinsu.

Yaya ake yanke cewa wane matalauci ne, wane ba shi ba ne?

Ana lissafa kuɗin abincin da zai bai wa mutum ƙarfin da jikinsa ke buƙata a rana, bisa irin abincin da mutanen wurin suke ci, sannan a ɗora wani abu na sutura, muhalli, magani da makamantansu. Jimillar ita ce layin talauci. Dabarar tsohuwa ce. Seebohm Rowntree ya yi amfani da ita a birnin York na Ingila a 1899. A shekarun 1960 Mollie Orshansky, ma'aikaciyar gwamnatin Amurka, ta lissafa kuɗin abinci mafi araha ta ninka sau uku, saboda wani bincike na 1955 ya nuna iyalai suna kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na samunsu a kan abinci. Har yau layin hukuma na Amurka daga lissafinta ya samo asali.

A Najeriya, binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018/19 ya sa layin a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kusan naira 376 a rana. Aka samu kashi 40.1 cikin 100 na jama'a, kimanin mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da shi: kashi 52.1 a karkara, kashi 18 a birane. Sakkwato, Taraba da Jigawa kowacce ta haura kashi 87, Legas kuwa ba ta kai kashi 5 ba. Ka lura da abu ɗaya da jaridu kan tsallake: ba a sa Borno a wannan adadi ba, domin rashin tsaro ya hana isa wurare da yawa na jihar.

Ƙirga kawunan da ke ƙasa da layi ba ya wadatarwa. Wanda naira goma ta rage masa ya tsallake da wanda ko rabin layin bai kai ba duk “matalauci” ne a ƙirgar, alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Ma'aunin da masana uku, Foster, Greer da Thorbecke, suka fitar a 1984 yana auna yawan matalauta, nisansu da layin, da tsananin halin na can ƙasa. Wannan lissafi yana cikin abubuwan farko da za a sa ka yi.

To ita dala biyu ko uku a rana da ake ta faɗa fa?

Wannan layin Bankin Duniya ne, don kwatanta ƙasa da ƙasa. An fara da dala 1 a 1990, aka koma 1.25 a 2008, 1.90 a 2015, 2.15 a 2022, sannan dala 3 a watan Yunin 2025. Ba canjin 'yan Wapa ake amfani da shi ba. Ana duba abin da kuɗi zai iya saya a kowace ƙasa ne, ta hanyar wani babban shiri na kwatanta farashi tsakanin ƙasashe. Duk wanda ya ninka dala 3 da canjin yau ya ce shi ne layin talauci a naira, ya yi kuskure babba, kuma ana yawan yin sa.

Na ji an ce talauci a Najeriya kashi 40 ne, na kuma ji an ce kashi 63. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun, domin abubuwa daban suke aunawa. Na 63 ya fito ne a Nuwamban 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta fitar da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya nuna mutum miliyan 133 suna ciki, kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Shi ba ya tambayar kuɗi. Yana duba lafiya, ilimi, yanayin zama, da aiki da tsaro: akwai yaron da ba ya zuwa makaranta? Da me ake girki? Ina ake ɗebo ruwa? Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti? Hanyar lissafin ta Sabina Alkire da James Foster ce, kuma cibiyar da Alkire ke jagoranta a jami'ar Oxford tana fitar da na duniya tare da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2010.

Mai dabbobi da yawa a ƙauyen da babu makaranta, babu asibiti, babu rijiyar burtsatse zai iya tsallake layin kuɗi amma ya faɗa cikin wannan. Idan wani ya ce maka talauci ya tashi daga 40 zuwa 63 cikin shekara uku, ka san ya haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne. Da gaske abin da na yi yana iya canza sakamako?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so kowa ya tsaya a kanta. Adadin da minista zai karanta a gaban 'yan jarida an gina shi ne a kan ƙananan hukunce-hukunce masu yawa, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu a teburin mataimaki ake yanke su.

Fara da awo. Babu uwargidan da za ta ce maka ta dafa kilo 2.3 na masara. Za ta ce mudu, ko tiya, ko kwano, ko gwangwanin madara. Tumatir kashi-kashi, daddawa ƙulli-ƙulli, dawa dami-dami. Dole a mayar da kowanne zuwa kilo. Mudun wannan kasuwa ba girmansa ɗaya da na waccan ba, tiyar Maraɗi ba lallai ta yi daidai da kwanon Dawanau ba, kuma awo a cike da tozo daban yake da awo a shafe. Saboda haka a manyan bincike akan je kasuwanni da sikeli a auna waɗannan ma'aunai, a ɗauki hotunansu, mai tambaya ya nuna wa uwargida ta zaɓi girman da take nufi. Idan ka ɗora ma'aunin wata shiyya a kan wata, ka ƙara wa dubban gidaje abincin da ba su ci ba, ko ka rage musu wanda suka ci.

Sai tsawon kwanakin da ake tambaya a kai. “Me kuka ci a kwana bakwai da suka wuce?” da “Me kuka ci a kwana talatin?” ba sa ba da amsa ɗaya, domin mutum yana mance ƙananan sayayya idan lokaci ya yi nisa. A Indiya, gwajin da hukumar bincikensu ta yi a shekarun 1990 ya nuna tambayar kwana bakwai tana fito da cin abinci mai yawa fiye da ta kwana talatin, har adadin matalauta ya ragu sosai ba tare da kowa ya ƙaru da ko sisi ba. A Tanzaniya a 2007 zuwa 2008 an raba kimanin gidaje 4,000 aka yi musu salon tambaya iri takwas, kuma sakamakon ya bambanta ƙwarai. A Najeriya ma binciken 2009/10 littafin rubuta sayayya aka bar wa gidaje, na 2018/19 kuwa tambayar kwana bakwai aka yi, shi ya sa ba a kwatanta adadin biyun kai tsaye.

Akwai lokacin ziyara. Gidan da ka je masa a Nuwamba rumbu cike ba shi ne gidan da za ka tarar a Agusta ba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Binciken bibiyar gidaje, wato wanda ake komawa gidajen da aka taɓa tambaya, da aka fara a Najeriya a 2010/11 da gidaje kusan 5,000 yana zuwa sau biyu saboda haka: bayan shuka da bayan girbi.

Akwai farashin abin da gida ya noma ya ci da kansa. Ba a saye shi ba, amma dole a yi masa kuɗi. Farashin bakin gona za ka sa ko na kasuwar gari? Na kaka ko na bazara? Akwai kuma iyakar gida. A gidan gandu, uba da 'ya'yansa masu aure suna ƙofa ɗaya, wani lokaci tukunya ɗaya, wani lokaci kowa da tasa. Idan aka ƙirga mutum 22 amma abincin sashe ɗaya kawai aka rubuta, gidan zai fito a matsayin mafi talauci a ƙauyen. Almajirin da yake cin abinci a gidan kullum, ko ɗan da ya tafi ci-rani wata huɗu, a ƙirga su ko a'a? Kowane bincike yana da ƙa'idarsa, aikinka ka tabbata an bi ta iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Ga hauhawar farashi. Binciken da ya ɗauki wata goma sha biyu a shekara irin 2024, da hauhawar ta haura kashi 30, naira dubu ta watan farko ba ita ce ta watan ƙarshe ba. Sai an daidaita su. Daga ƙarshe akwai nauyin samfuri, wato gidaje nawa kowane gida da aka tambaya yake wakilta. Wanda ya mance da shi zai sa ƙaramar jiha ta yi nauyi ɗaya da Kano. Kuma tunda rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, shi kansa nauyin a kan hasashe yake tsaye, abin da ya kamata duk rahoto mai gaskiya ya ambata.

Wace ƙwarewa ake nema?

Ƙididdiga ta matakin digiri na farko, musamman fahimtar samfuri, wato gidajen da aka zaɓa su wakilci sauran, da iyakar kuskuren da adadi zai iya ɗauka. Manhajar lissafi ɗaya da ka iya sosai: Stata ce ta fi yawa a wannan fanni, R kuwa kyauta ce kuma ana karɓarta, Python ma tana shigowa. Excel kaɗai ba zai kai ka ba. Idan aikin yana da fita, sanin manhajar shigar da amsoshi a kwamfutar hannu, kamar Survey Solutions, SurveyCTO, ODK ko KoboToolbox, zai taimaka. Sai rubutu mai tsabta da Ingilishi, ko Faransanci ga na Nijar.

Abin da ya fi waɗannan wuyar samu shi ne tsari. Kada ka taɓa gyara ainihin bayanai da hannu. Duk gyara ya kasance a rubuce cikin umarnin manhaja, tare da dalilinsa, ta yadda wani zai kunna shi bayan shekara biyu ya samu adadin da ka samu.

Ba ni da gogewa. Ta ina zan fara?

Bayanan binciken bibiyar gidaje na Najeriya, da na Nijar na 2011 da 2014, suna nan kyauta a rumbun bayanai na Bankin Duniya a intanet. Rajista kawai za ka yi. Sauke su, ka karanta takardar tambayoyin tun daga shafin farko, sannan ka zaɓi jadawali ɗaya a rahoton da aka buga ka yi ƙoƙarin fito da shi da kanka. Karon farko da wuya ya yi daidai, kuma neman dalilin bambancin shi ne karatun. In ka gama, ka rubuta shafi biyu a kan abin da ka yi. Wannan ya fi takardun halartar bita guda goma daraja a idon mai ɗaukar aiki, domin yawancinsu gwajin bayanai suke bayarwa kafin hira.

A ina ake samun irin wannan aiki?

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da hukumomin ƙididdiga na jihohi kamar Kaduna da Kano. Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa da ke Yamai. Malaman jami'o'i masu tallafin bincike a Ahmadu Bello, Bayero ko Abdou Moumouni. Cibiyar binciken zamantakewa da tattalin arziki ta NISER da ke Ibadan. Ofisoshin ƙungiyoyin bincike na ƙasa da ƙasa, IFPRI (kan manufofin abinci) da IPA (kan yaƙi da talauci), a Najeriya. Da ayyukan Bankin Duniya. A Amurka da Turai akwai guraben shekara ɗaya zuwa biyu ga masu shirin digiri na uku, gasarsu tana da zafi amma ana ɗaukar 'yan Afirka. Duk tallar da ta nemi ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka, ka rabu da ita.

Ni mace ce, Bahaushiya. Wannan zai taimaka mini ko zai hana ni?

Zai taimaka miki sosai. A gidajen da ake kulle, namiji baƙo iyakarsa zaure, kuma maigida sau da yawa bai san mudu nawa aka auna ba, balle ribar awarar da ake soyawa a ciki. Ke ce za ki shiga ki zauna a tabarma ki ji daga bakin mai girkin. Ko a ofis, wadda ta san yadda gidan Bahaushe yake gudana za ta ga adadin da bai yi kama da gaskiya ba tun kafin manhaja ta nuna shi.

Ƙasar Hausa ta daɗe a wannan fage. A 1967 wata mai bincike 'yar Birtaniya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa manoman ƙauye ɗaya ba daidai suke ba: wasu rumbunsu yana kai su shekara, wasu suna sayar da hatsi da araha da kaka su koma ƙwadago a gonar wani da damina. A wancan lokacin ne kuma David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka bibiyi gidaje a Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. Duk waɗannan ayyuka da hannun mataimaka 'yan ƙasa aka yi su. Abin da nake fata shi ne 'ya'yan yankin su riƙa kaiwa matakin tsara tambayoyin da rubuta sakamakon.

Mene ne haƙƙin mutanen da ake yi wa tambayoyi a kaina?

Mutum ya buɗe maka cikinsa, ya faɗa maka ranar da gidansa ya kwana ba a ɗora tukunya ba, abin da ko maƙwabcinsa bai sani ba. Wannan amana ce. A nemi yardarsa tun farko, a gaya masa yana da damar ƙin amsawa. Kada a yi masa alƙawarin tallafi, ko da da ishara ne. Ƙarya ce, kuma tana ɓata amsoshi. A cire sunaye, lambobin waya da wurin da gida yake kafin a raba bayanai, kada kuma fayil mai sunaye ya bi ta WhatsApp. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi wannan aiki. Idan mai unguwa ya nemi sanin abin da wane ya faɗa, a ba shi haƙuri cikin girmamawa.

Idan na gano kuskure bayan an riga an miƙa sakamako fa?

Ka faɗa a ranar, a rubuce: ga inda kuskuren yake, ga yadda ya shafi adadi, ga gyaran. Shugaban bincike na kirki zai fi yarda da kai bayan haka. Idan kuwa wani ya nemi ka sauya ma'auni ko ka zubar da wasu gidaje don adadi ya yi wa mai ba da kuɗi ko wani gwamna daɗi, ka nemi ya rubuto maka umarnin da dalilinsa. Da irin waɗannan alƙaluma ake yanke inda tallafi zai je, kuma gidan da aka goge daga lissafi ba shi da hanyar kai ƙara.

Bayan shekara biyu, ina aikin yake kai mutum?

Wasu suna wucewa digiri na biyu ko na uku, kuma wasiƙar shaida daga malamin da ya ga aikinka da idonsa ita ce babbar ribar da za ka fita da ita. Wasu suna zama masu kula da bincike a fili, wasu suna shiga sashen sa ido da tantance ayyuka na ƙungiyoyi, wasu bankuna da kamfanonin sadarwa suna ɗaukarsu saboda iya sarrafa bayanai. Yawancin guraben kwantiragi ne mai wa'adi, albashin kuma ya danganta da mai ɗaukar nauyin aikin. Kafin ka sa hannu, ka tambayi tsawon wa'adin, kuɗin fita da na masauki, tanadin tsaro a wuraren da za a tura ka, wa zai riƙa duba aikinka, da kuma ko sunanka zai fito a rahoton.